Ranar da Na Ture Surukina a Ɗakin Rediyo

Abubuwa da yawa na aikin Wurno sun ɓace mini, har da sunayen waɗansu da munka ci tuwo kwano guda. Amma ban taɓa iya manta ranar da na ture surukina ya faɗi ƙasa a gaban dattawan garinsu ba. Ku yi dariyarku, na ga bakinku na motsi. Ni da abin ya faru a kaina, har gobe in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba don daɗi zan ba ku labarin ba. Ɗazu na ga ɗayanku ya kashe akwatin rediyo ya zura hannu ciki nan take, shi ya tayar mini da shi.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Ni mutumen Rabah ne. Da na gama elemantare anka ɗauke ni aikin ban-ruwa a Wurno, inda ake tare ruwan Rima a sako shi fadama don shinkafa. Na fara da lebura mai shafa wa injuna mai, daga baya anka yi mini mataimakin makanike. Sama da ni akwai helma, wato shugaban ma'aikata, sama da helma akwai injiniya, wani dogon Bature da mutanen gari sunka laƙaba wa Mai-Kwalabe. Ba shaye-shaye ya ja masa sunan ba. Ɗaki guda ya ware a gidansa cike da kayan rediyo, kuma rediyon lokacin da bawul take aiki, wasu kwalabe na gilas masu ja in sun ɗau zafi.

Wanga abu ba aikin gwamnati ba ne, sha'awarsa ce kawai. Yana da lasin, in an tashi aiki da la'asar sai ya zauna ya yi ta kiran mutane irinsa a wasu ƙasashe, su gaisa, su tambayi juna yadda murya ta iso, shi ke nan. Da farko na ɗauka taɓin hankali ne. Da ya ga hannuna ba ya rawa wurin ƙananan kusoshi, sai ya roƙi helma a riƙa turo ni in taimaka masa. Kafin damina ta zagayo ni ma ciwon ya kama ni.

Damuwarsa ita ce na'urar aikawarsa ƙarama ce. Yana jin mutanen nesa sarai, su ba su jinsa. Sai ya ce za mu gina akwatin ƙara ƙarfi, abin da kuke ce wa amfilifaya. Kayan sunka riƙa zuwa ɗai-ɗai, daga jirgin ruwa zuwa jirgin ƙasa har Gusau, mota ta kawo Sakkwato, mu je mu ɗauko. Ni na huda farantin ƙarfen da abin huji na hannu har tafina ya yi kanta. Ni na naɗe bututun jan ƙarfe a jikin taɓarya don ya fito daidai. Ƙarfen narka dalma kuwa a garwashi muke gasa shi. Munka ɗora manyan bawul biyu, da taransifomar da sai mutum biyu ke ɗaga ta, da kwandensa biyu masu kama da gwangwanin kifi a tsaye, kowace da ƙahoni biyu a ka.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. Wuta na fitowa daga janareta, taransifoma ta ɗaga ta ta wuce bolt dubu, kwandensa kuma ta tara ta. To in an kashe injin, wutar da ke cikin kwandensa ba ta tafiya ko'ina, tana nan kwance. Akwai wata rezista da aikinta ke nan ta riƙa tsiyaye ta a hankali. Duk da haka Mai-Kwalabe bai yarda da rezista ba. Ya sa na yi sanda ta busasshen ice mai ƙugiyar jan ƙarfe, da waya ɗaure da turken ƙarfen da munka binne a bayan ɗaki. Dokarsa guda ce: a kashe, a zare waya, a sa hannu guda a baya, a taɓa ƙahon kwandensa da sandar nan, sannan a sa hannu. Muna ce wa wannan sauke wuta.

Yanzu bari in kawo muku surukina. Sarkin Ruwa ne a wani ƙauye kusa da Goronyo, shugaban masuntan wajen, mutum mai kwarjini da ba ya yawan magana. Ɗiyarsa Tumba nake aure. A lokacin tana gidansu, ta je haihuwar fari, ta samu namiji, tana wankan jego, ana shirin maido mini ita. Ku 'yan yanzu da kuke zama falo guda da surukanku kuna kallon ƙwallo ba za ku gane ba. Mu in ka hango surukinka a hanya, takalmi kake cirewa ka durƙusa. Ba ka ci a gabansa, ba ka tsayawa a kansa, ba ka haɗa ido da shi. Sunansa kuwa, ko wani mai irin sunan ka haɗu da shi sai ka nemo masa laƙabi. Tun da na auri Tumba maganar da ta shiga tsakanina da shi ba ta wuce gaisuwa ba.

Ana cikin haka rezistar nan ta ƙone. Munka aika a kawo wata, munka bar akwatin a buɗe ba murfi muna jira. Sai ga dattawan masunta sun zo wurin injiniya da hantsi, kan maganar ƙofar ruwa da sunka ce tana tare musu kifi. Surukina ne ke gaba, ƙanensa Kawu Nomau na biye, da wasu dattawa. Ina jin muryarsu na laɓe a ɗakin rediyo. Da anka gama magana lafiya, Bature ya ji daɗi, sai ya ce su shigo ya nuna musu abin mamaki. Wayyo! Ɗaki ƙofa guda, ba inda zan bi. Na tuɓe takalmi na durƙusa a gefen ƙofa, na ce, "Baba, an zo lahiya?" Ya amsa yana duban bango, kamar yadda ya kamata.

Mai-Kwalabe ya sa anka tada janareta. Ya kunna akwati, bawul sunka yi ja, allurar mita ta miƙe, ya jiyar da su muryar wani mutum daga nesa. Dattawa sunka yi ta salati. Sannan ya kashe komai, janareta ya yi shiru. Ya miƙa hannu zai ɗauki sanda ke nan sai masinja ya yi sallama a waje. Ya ce da ni da Hausarsa ta Turawa, "Umaru, sauke wuta," ya fita.

Sandar tana rataye a bango, daidai bayan surukina. Kafin in kai gare ta sai na miƙe tsaye, na ratsa ta gabansa, na ɗaga hannu bisa kansa. Na kasa. Na fara jan gwiwa ina cewa gafara, gafara, da muryar da ni kaina ba na ji. A raina ina cewa ai dattawa ne, ba mai taɓa komai.

Ashe zanzaro ya samu akwati a buɗe ya yi gininsa na laka a gindin ƙahon kwandensa, ta bayan da ba mu gani. Surukina ya hango shi. Mutum ne mai tsabta, ba ya ganin ƙazanta a kayan mutane ya wuce. Na ji ya ce, "Af, zanzaro ya yi ma Bature gini." Na ɗaga ido na ga hannunsa ya miƙe, yatsa biyu a buɗe, saura kaɗan.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ƙwala masa kira da sunansa na yanka, tsirara, ba Malam ba Baba, da irin muryar da ake korar akuya daga shanya. Ba zan maimaita muku sunan ba. Na doke hannunsa, kafaɗata ta bangaje ƙirjinsa, ya tafi da baya ya zube. Rawaninsa ya warware ya yi gefe, hula ta gangara ƙarƙashin tebur, kansa ya fito fili da furfura. Ni kuma ina tsaye a kansa ina haki.

Kawu Nomau ne ya fara magana. Ya ce, "La'ilaha illallahu. Umaru, mi munka yi maka?" Wani dattijo ya ce, "Aikin Nasara na. Ya ɗebe mai kunya ƙat."

Sai ga Bature ya dawo da gudu. Ya dubi dattijo a ƙasa, ya dubi akwati, ya dubi sanda a bango, nan take ya gane. Fuskarsa ta yi fari fat. Kun san abin da ya yi? Ya kama hannuna yana girgizawa, yana bubbuga bayana, yana cewa, "Madalla, Umaru! Madalla!" A gabansu! Su abin da sunka gani, yaro ya kayar da surukinsa, ubangidansa na sa masa albarka. Surukina ya tashi da kansa, ya ƙi hannun kowa, ya tattara rawaninsa a hammata bai naɗa ba, ya fita. Bature ya fizgo sandar ya bi su yana ɗaga ta yana cewa su tsaya su gani. Da sunka waiga sunka ga Bature da sanda mai ƙugiya, sai sunka ƙara sauri. Ya dawo ya taɓa ƙahon, wuta ta yi tau kamar bindiga. Ni da shi kaɗai munka ji.

Kafin kasuwar Goronyo ta sake ci, labari ya gama gari. Kafin ya kai Rabah an ce mari na yi. Mahaifiyata ta daina fita biki. Sannan saƙo ya zo daga Kawu Nomau, cewa Tumba ba ta dawowa, ɗansu ba zai tashi a gidan da ba a san girman manya ba. Ɗan nan sau guda na taɓa ganinsa, ranar suna, shi ma daga nesa. Na kwanta na tashi da abin, abinci ya fita raina.

Ni ba ni da bakin zuwa in yi bayani, suruki ba ya zama gaban surukinsa ya kare kansa. Na roƙi ƙanen mahaifina ya je. Na yi masa bayanin kwandensa har ya ce ya gane. Ya dawo da yamma ya zauna ya ce, "Umaru, sun tambaye ni, injin shina kuka? Nic ce a'a. Kwalaben suna ci? Nic ce an kashe. Sunka ce to wace wuta? Ni kuwa wallahi ban da amsa. Kai ma ka hwaɗa mani gaskiya, wace wuta?"

Mai-Kwalabe ya ga na rame. Da na gaya masa dalili ya ce mu ɗauki akwatin da janareta a mota mu je ƙauyen, a tara mutane ya nuna musu. Na ce, "Ranka shi daɗe, ka rufa mini asiri. In na kai Bature ƙofar gidan surukina, cewa za a yi na kawo masa hukuma." Ya yi ta jinjina kai. Mutumin kirki ne, amma har ya bar ƙasar nan bai gane abin da ya faru a ɗakinsa ba. Sabuwar rezista ta iso, munka ɗaura, munka rufe akwati. Ranar da wani ya amsa masa daga ƙasar da ya ce ƙanƙara ke zuba a lokacin, ya yi ta tsalle kamar yaro. Ni da na naɗa bututun da hannuna ko murmushi ban iya yi ba.

Ruwa ya fara ja da baya, wata safiya ina share bayan ɗakin rediyo, sai na ga mutum tsaye gindin iccen bedi shi kaɗai, ƙafarsa da laka, alamar a kwalekwale ya zo. Surukina ne. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna, na durƙusa. Bature ya fito. To ga matsala: Hausar Bature ba ta kai ta wannan magana ba, kuma ba wani tafinta a gidan sai ni. Surukina ya dubi Bature, ya yi magana kamar tafintan wani ne daban, ba ni ba.

"Hwaɗa ma maigidanka, na zaka in ga abin da wanga yaro yag gani."

Na juya maganar zuwa Turanci. Munka shiga. Bature ya sa na buɗe akwati na cire rezistar, don abin ya koma yadda yake a ranar. Anka kunna, anka kashe, janareta ya yi shiru. Bature ya ɗauki sanda. Surukina ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Ya zauna bisa tabarma ya fiddo goro ya ci, ya yi ta zama har rana ta shigo ta taga ta kai ƙafar tebur. Ni ina durƙushe gwiwata ta mutu. Sannan ya ce, "To, yanzu ai ta huce. Shi taɓa."

Bature ya taɓa. Tau! Shuɗiyar wuta ta yi tsalle, ƙaurin ƙarfe ya cika ɗakin. Ya miƙa masa sandar ya ga inda ƙugiyar ta narke ta yi baƙi. Dattijo ya daɗe yana juya ta. Ya ce a hankali, "Ko minjirya, in ta daɗe bisa tudu mutuwa taka yi. Wagga ba ta mutuwa." Minjirya, in ba ku sani ba, kifin nan ne mai jan mutum in ya taɓa shi.

Sai ya ce, "Tambai maigidanka, da hannuna ya kai, mi za ya hwaru?"

Na tambaya. Bature bai san sakaya magana ba. Ya ce da a ranar za a binne shi, har ya kwatanta da hannu. Yaya zan gaya wa surukina haka? Na sunkuya na ce, "Baba, ya ce da sai abin da Allah ya yi."

Ya ce, "Ba haka yac ce ba. Na ga hannunai."

Ya ajiye sandar a hankali. Na saci kallonsa, abin da ban taɓa yi ba, na ga ya sunkuyar da kai kamar yaron da anka kama da laifi. Wallahi da na san abin da zan gani ke nan da ban ɗaga ido ba. Kunyar da na ji ranar da na ture shi ba ta kai ta ganin dattijon nan yana jin kunyata ba.

Ya miƙe ya fuskanci bango ya ce, "A hwaɗa ma wanga yaro, ranar Jumu'a za a maido mai iyalinai." Ya kai bakin ƙofa ya tsaya. "Kuma a hwaɗa mai, ni ban zaka nan ba yau."

Bature ya ce me ya ce? Na ce ya yi godiya.

Na gane abin da yake roƙo. Shi ne mutumin da masunta ke tambaya kafin su sa hannu a kowane rami na gulbi. In anka ji cewa ya shiga ɗakin baƙo ya kai hannu ga abin da bai sani ba, har sai da surukinsa ya ƙwace shi, to ba zai sake iya tsawata wa kowa ba. Ga ƙanensa da ya riga ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa Tumba ba ta dawowa. Don haka ya maido mini Tumba da ɗana bai gaya wa kowa dalili ba, mutane sunka yi ta yaba haƙurinsa. Ni kuma na ci gaba da zama mara kunyar da anka yafe wa. Ko Tumba ban gaya wa ba, ta rasu tana ɗauka zuciya ce ta ɗebe ni a ranar. In na shiga ƙauyensu hira na tsayawa. Kawu Nomau bai sake amsa gaisuwata da fiye da kalma guda ba. Shi kuwa Baba, kowace shekara sai ya aiko mini da kwandon busasshen kifi, ba saƙo ba komai.

Ya rasu bayan Turawa sun tafi da daɗewa. Ina cikin masu zuba ƙasa na ji wani a bayana yana raɗa wa na kusa da shi, "Wanga shi na wanda yat ture shi." Na sunkuyar da kai na ci gaba da abin da nake yi.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. In ka hana wuta ta kama mutum, ba ka da abin nunawa, mutane turewar kaɗai suke gani. Kuma kunya abu ce mai kyau, da ita anka rene mu, amma ba a jan gwiwa a gaban akwatin da ba a sauke wa wuta ba. Da na miƙe tun farko na ratsa ta gabansa, da ƙaramar kunya zan sha ta yini guda. Duk wanda ke ɗakin nan a ranar ya riga mu gidan gaskiya, shi ya sa na buɗe baki. Ku ne kunka fara jin cewa ya dawo Wurno da safiyar nan, kuma wallahi ko yanzu da na faɗa ji nake kamar na sake ture shi.